Bayan tiyatar wuya: abin da ke sa ƙashi ya haɗe

An cire mini faifan da ke tsakanin ƙashi na 5 da na 6 na wuya, wurin da likitoci ke kira C5-C6. A gurbinsa aka sa ɗan guntun ƙashi, aka ɗaure da farantin ƙarfen titaniyom da sukurori. Ta gaban wuya ake shiga, a ture maƙogwaro da hanyar abinci gefe kafin a kai ga ƙashin. Likitocin Amurka biyu, Smith da Robinson, ne suka bayyana wannan hanya a 1958, kuma har yau a kanta ake tafiya.

Abin da ya kai ni shi ne zugi daga kafaɗa har babban yatsa, kamar an jona mini wayar lantarki. Ina farfaɗowa na ji babu shi. Amma ciwon wuyan bai tafi nan take ba, kuma dama an faɗa mini haka: aikin ya fi maganin ciwon hannun da matsewar jijiya ke jawowa, ciwon wuya kuwa sai a hankali. Wanda ya shiga yana zaton komai zai ɓace rana ɗaya zai fito da ɓacin rai, ko da aikin ya yi kyau. Shi ya sa nake ganin zaman da za ka yi da likita kafin tiyata yana da nauyi ƙwarai.

Mutuwar da yatsan ya yi, wato rashin jin taɓi, ita kam ta daɗe. Jijiyar da ta sha matsa tsawon lokaci ba ta saurin murmurewa, wani lokacin ma ba ta komawa daidai. Abin ya fi tsanani in laka ce aka matse, wato babbar jijiyar da ke bi ta cikin ƙashin wuya da na baya: mutum ya fara kasa ɓalla maɓallin riga, abu na suɓuce masa daga hannu, tafiya na tangaɗi. A nan babban burin tiyata shi ne ta tsayar da lalacewar, don haka duk jinkiri asara ce. Ina roƙon mai irin waɗannan alamu kada ya zauna jiran ciwo ya yi tsanani tukuna.

Sai maganar taba. Likita yana jera ƙasusuwa ne kawai. Jikinka ne zai haɗe su, cikin wata 3 zuwa 6, wani har shekara. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba, yana tsuke ƙananan hanyoyin jinin da sabon ƙashi ke rayuwa a kansu, shi ya sa rashin haɗewa ya fi yawa ga masu shan sigari. Na daina tun kafin aikin, kuma a cikin duk abin da na yi wa kaina, wannan ne ya fi wuya, shi ne kuma nake ganin ya fi amfani. Ciwon suga da ba a kula da shi ba da raunin ƙashi su ma suna jawo jinkiri. An kuma hana ni magungunan kumburi irin su ibuprofen da diclofenac a watannin farko, saboda fargabar su rage saurin haɗewar.

Haɗiya ta wahalar da ni a makonnin farko, murya ma ta ɗan dushe. Wannan shi ne kukan da aka fi ji bayan irin wannan aiki, kuma ya fi damun waɗanda aka yi wa a gaɓa biyu ko uku. Yawancin mutane yana wuce musu.

Abin da har yanzu nake sa wa ido shi ne gaɓoɓin da ke sama da ƙasa da wurin da aka haɗe, domin nauyin motsi ya koma kansu. Wani bincike da aka wallafa a 1999 ya nuna kusan kashi 3 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin suna samun sabuwar matsala a can kowace shekara. Saboda haka ban yar da motsa jikin da aka koya mini ba, kuma in na ji sabon zugi a hannu, asibiti nake komawa a ɗauki hoto.