Kaurin shimfiɗa ba ya gyara sirdin da ya matse doki

Duk wanda ya tambaye ni wace shimfiɗa zai saya wa sirdinsa na kaboyi, sai in ce ya fara ɗora sirdin a bayan dokin ba komai a ƙasa, ba a ɗaure ba. Irin wannan sirdi da makiyayan yammacin Amurka suka saba da shi yana da nauyi, wani ya kai kilo 12, na masu jefa igiya su kama shanu kuwa har kilo 20. A cikinsa akwai itace mai fikafikai biyu da ke kwanciya hagu da dama na ƙashin baya, su ne ke raba nauyin mahayi. In fikafikan nan sun kwanta daidai, yatsu biyu zuwa uku kuma suna shiga tsakanin gaban sirdi da tudun kafaɗa, to an wuce babban aikin. In kuwa sun matse, shimfiɗa mai kauri ƙara matsi za ta yi, kamar mai ƙaramin takalmi da ya sa safa biyu. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, domin da niyyar tausayi ake yin sa, dokin kuma shi ke shan wahalar.

Sirdin da ya zauna, shimfiɗa mai kaurin uku bisa huɗu na inci ta ishe shi hawan yau da kullum. Inci ɗaya na mai wuni a kan doki ne, ko mai aikin igiya, inda saniya ke fizgar ƙahon sirdi da ƙarfi. Doki mai faɗin baya da ƙiba, rabin inci ya fi masa, don mai kauri sa sirdi take yi ya riƙa mirginawa gefe.

Ni dai gashin tumaki da aka danne ya zama tabarma nake saya, kuma ba na jin zan sauya. Ulu na iya shan danshi kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba a ji shi a jiƙe ba, yana janye gumi daga fata, zafi ya samu hanyar fita. Bayan ɗan lokaci kuma sai ya ɗauki siffar bayan dokin. Shi ya sa ba na son doki biyu su yi tarayya a shimfiɗa ɗaya, ban da ma cutar fata da ke bin ta. Robar niyofirin ba ta zamewa, wankinta ma da sauƙi, amma tana riƙe zafi, ba zan sa wa dokina ita a doguwar tafiya ba. Saƙaƙƙen bargon nan mai zane irin na mutanen Nabaho, wata ƙabilar 'yan asalin Amurka, abin sha'awa ne ƙwarai, sai dai shi kaɗai ba ya tare nauyi sosai. A ɗora shi kan siririyar ta ulu.

Girma kuwa ba wuya. Ta zarce fatar sirdi da inci ɗaya zuwa biyu ta kowane gefe. Yawanci inci 30 da 30 ne ko 32 da 32. Doki mai gajeren baya, irin na Larabawa, mai zagayayyen gefe ta fi masa, kada ta riƙa gugar ƙugu.

Siffar baya ita ma a dube ta. Mai dogon tudun kafaɗa yana son wadda aka ɗinka da lanƙwasa, ko mai yanka a gaba. Tsohon doki da bayansa ya lotsa, sirdi kan taɓa shi gaba da baya, tsakiya na reto. Akwai shimfiɗa mai aljihu da ake cusa ƙarin ulu daidai wurin ramin. Wannan taimako ne na ɗan lokaci, kuma a riƙa sake dubawa, don baya na sauyawa da kiwo da aiki da shekaru.

Wajen ɗorawa, nakan aza ta gaba kaɗan sannan in jawo ta baya yadda gashi ya kwanta. Kafin in ja majayi, sai in sa hannu in ɗaga gabanta ta shige cikin ramin sirdi. In ba haka ba, da mutum ya hau za ta danne tudun kafaɗa, nan ne kuma miki ya fi saurin fitowa.

Bayan hawa, in an sauke sirdi, a tsaya a kalli bayan. Gumi ya jiƙa ko'ina daidai, ban da layin ƙashin baya. Ƙaramin busasshen wuri a tsakiyar jiƙaƙƙe, musamman bayan kafaɗa, sau da yawa matsi ne ya hana gumi fita. In aka ƙyale shi, farin gashi ne zai tsiro a nan, kuma galibi ba ya komawa. Doki mai kwantar da kunne ko lotsa baya da ya hango sirdi shi ma a bincike shi.

Shimfiɗar kuma a kife ta ta sha iska a inuwa, a kankare gashi da busasshen gumi da burushin roba. In wanki ya kama, ruwan sanyi kawai, don sauran sabulu na cin fata. Ranar da ka matsa wurin da fikafikan ke zama ka ji ya daskare, ya fi gefe siranta, ta gama aiki, a sayi wata.