Lahadi a Guangzhou: hasumiya biyu da baƙin ƙwai

Dare ya yi nisa, ƙafafuna sai zugi suke, amma barci ya ƙi zuwa. Bari in rubuta tun abin yana sabo a raina.

Yau kwananmu tara a birnin Guangzhou na ƙasar Chaina, kuma tun saukarmu ban ga komai ba sai shaguna da kwalaye da kalkuletar da ake miƙo maka ka danna farashinka. Jiya muka gama lodin kwantena. Bayan sallar asuba na ce wa Alhaji, "Ranka ya daɗe, yau dai a bar mu mu ga gari." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce shekara goma sha ɗaya yana zuwa nan, ban da kasuwa da masauki da inda yake sallar Juma'a bai san ko'ina ba. Ya ɗauki hularsa ya ce mu tafi.

Mu huɗu ne: ni, Alhaji, wani ɗan'uwa ɗan Damagaram da ke karatu a nan, sai tafintanmu, Musulmi ɗan ƙabilar Hui. Daga unguwar Xiaobei muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa muka sauka a tashar Ximenkou, muka taka zuwa masallacin Huaisheng.

Tun daga bakin titi ake hango hasumiyar. Tsayinta kamar mita 36, zagayayya, launin toka, babu zane babu ado ko ɗaya. Sauran ginin kuwa irin na mutanen Chaina ne sak, rufi mai lanƙwasasshen baki, da tsakar gida mai inuwa. Tafinta ya ce ma'anar sunan masallacin ita ce tunawa da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. A da kogi yana kusa da nan, hasumiyar ce ke nuna wa jiragen fatake hanya, shi ya sa har yau ake ce mata hasumiyar haske. An sake gina masallacin a 1350, aka kuma sake a 1695 bayan gobara. Musulmin garin sun riƙe cewa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ne ya kafa shi. Alhaji ya ce mu dai a karatunmu a Baƙi'a aka binne Sa'ad, amma ko wane ne ya aza tubalin, ɗan kasuwa ne ya kawo Musulunci nan, kamar yadda fatake suka kai shi Kano. Ya dafa jikin hasumiyar ya daɗe bai ce komai ba. A nan muka yi azahar, a sahu ɗaya da tsofaffi masu fararen huluna. Ba ma jin yarensu, amma da liman ya yi kabbara sai na ji kamar ina gida.

Daga nan sai ciki. Tafinta ya kai mu wani gidan abinci na Musulmi, ya nuna mana haruffa biyu a saman ƙofa, ya ce duk inda muka gan su, halal ne. Kafin a kawo komai sai da ya wanke mana kofuna da tsinkayen cin abinci da ruwan shayi mai zafi. In an zuba maka shayi, sai ka ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiyar ke nan.

Aka jero ƙananan kwanduna na gora suna tururi. Ƙafar kaza ce ta fara zuwa, ta dahu luguf a jar miya mai zaƙi-zaƙi, fata ce da jijiya kawai, sai ka tsotse ka fito da ƙananan ƙasusuwa. Wannan ta wuce lafiya. Ƙwan ne ya tsayar da mu. Ƙwan agwagwa ne da ake lulluɓewa da toka da gishiri da farar ƙasa a ajiye makonni. An yanka shi gida huɗu, farin ya koma baƙi-baƙi mai sheƙi har kana hango haske ta cikinsa, gwaiduwar kuma ta yi kore mai duhu, tana narkewa a tsakiya. Wani wari mai kaifi yake yi, kamar na kanwa da aka jiƙa. Alhaji ya ture farantin ya ce, "Wannan ai ya ruɓe." Ɗan Damagaram ya ce, "Baba, ba ruɓa ba ce, gyara ne. Haɗa da cittar nan ka ji." Na yi bismillah na saka. Harshena ya fara jin santsi, sai gishiri, sai wani maiƙo mai nauyi da ya zauna a maƙogwaro. Na ci yanka biyu, kuma da gaske na ji daɗinsa.

Da la'asar muka ratsa kasuwar Qingping, inda ake sayar da busassun saiwoyi da ɓawon itatuwa da laimar kwaɗi buhu-buhu, kamar layin 'yan magani a Kurmi. Muka tsallaka gada zuwa tsibirin Shamian, inda Turawan Ingila da Faransa suka taɓa zama. Gidaje ne na da, da amare suna ɗaukar hoto. Ba mu daɗe ba.

A hanya wani wari ya tare mu tun daga nesa. Awara ce, irin tamu ta waken suya, sai dai su suna tsuma ta a ruwa mai tsami kafin a soya. Tafinta ya tambayi matar da ke sayarwa da wane mai take suya, ta ɗago masa galan ɗin man waken ya karanta. Wajenta ƙamas, cikinta laushi, an zuba yaji da tafarnuwa. A nan Alhaji bai ja baya ba. Ya ce wanda ya tashi da daddawa a miyar kuka ba zai guji wannan ba, ya sa aka ƙaro.

Bayan magariba muka hau jirgin ruwa a kogin Zhujiang. Hasumiyar Canton tana tsaye, mita 600, siririya a tsakiya, fitilunta suna sauya launi daga ja zuwa shuɗi, ruwan kogin yana kwaikwayonta. A 2010 aka buɗe ta, shekarar da garin ya karɓi wasannin Asiya. Kowa ya ɗaga waya. Na ɗauki hotuna, amma zuciyata tana wajen waccan ta toka da muka gani da rana.

Abu na ƙarshe shi ne madarar citta. A gabanmu aka matse ɗanyar citta a kwano, aka kwarara madara mai zafi a kai daga sama, aka rufe, aka ce kada a taɓa. Bayan 'yan mintuna aka buɗe, ta daskare kamar kindirmo, har aka ɗora cokali a kai bai nutse ba. Ɗumi, zaƙi, da yajin citta yana bin ƙirji.

Ɗazu Alhaji ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da takarda a hannu. Wai in kira ɗan Damagaram ya rubuto sunan madarar nan da na titin masallacin da rubutun Chaina, don in Allah ya kai mu watan Afrilu da Hajiya zai zo.