Rabin bursu da sharaɗin da ba a karanta mana ba

Ƙanwata ta ci jarrabawar Bak, wato ta kammala sakandare, a shekarar 2022, a sashen kimiyya na D, da makin da ya isa a yi murna a gida amma bai isa ya samar mata bursun gwamnati ba. Tun bayan rasuwar mahaifinmu ɗawainiyar karatun ƙannena ta dawo wuyana, kuma abin da nake dogaro da shi bai wuce biyu ba, wato albashina na malamin makaranta a nan Tawa, da kuma albasar da muke nomawa a garkar gidanmu ta wajen Tamaske. Burinta shi ne ta koyi aikin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010, ta fi ƙarfi ne a fannin shari'a da tattalin arziki da horar da malamai, saboda haka dole aka duba Yamai. A Jami'ar Abdou Moumouni kuɗin rajista ga ɗan ƙasa ba wani abin tashin hankali ba ne, sai dai kowa ya san yadda shekarun karatu kan hau juna a jami'o'in gwamnati idan yajin aikin malamai da na ɗalibai ya yawaita, kuma mahaifiyarmu ba ta so ƴarta ta shiga karatun da ba a san ranar gama shi ba.

Haka muka faɗa hannun wata makaranta mai zaman kanta, irin waɗanda kan shirya gasa bayan fitowar sakamakon Bak, su raba cikakkiyar bursu ga mutum ƙalilan, su raba rabin bursu ga mutane da yawa. Yarinyar ta zauna gasar, ta samu rabin bursu, aka ba ta takarda mai hatimi da sa hannun shugaban makarantar. Kuɗin karatu na shekara jika 450 ne na sefa, mu za mu biya jika 225 kashi uku, jika 75 a Oktoba, jika 75 a Janairu, jika 75 a Afrilu. Na bincika abin da na ga ya kamata a bincika, na tabbatar makarantar tana da izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi, na kuma tambaya ko takardar lisans ɗin da suke bayarwa, wato digirin farko, tana cikin waɗanda hukumar CAMES ta amince da su. Wannan hukuma a Yamai aka kafa ta a 1968, ko da yake cibiyarta tana Wagadugu, kuma amincewarta ce ke sa takardar ɗalibi ta yi daraja a sauran ƙasashen da ke cikinta. Da na samu gamsuwa a kan waɗannan, sai na ɗauka babban aiki ya ƙare.

Tun shekarar farko muka gane cewa rabin da ake faɗa rabin layi ɗaya ne kawai a cikin lissafin. Kuɗin rajista jika 50 ne, ana biyan su cikakku kowace shekara. Akwai kuɗin yunifom da farar rigar aiki, akwai kuɗin zuwa koyon aiki a asibiti, akwai kuɗin kwafar darussa da ba ya ƙarewa, sannan ga kuɗin faba-faba da kabu-kabu daga gidan gwaggonmu inda ta sauka zuwa makaranta. Waɗannan duka sun dame ni, amma ban riƙe su a zuciya ba, domin an rubuta su a fili, kuma duk wanda ya taɓa kai yaro makarantar kuɗi ya san banza ba ta kai zomo kasuwa. Shekarar farko ta wuce lafiya, ta kuma ci jarrabawarta da kyau.

Abin da har yau nake jin zafinsa a shekara ta biyu ya faru. Tsarinmu na biyan kuɗi a kan albasa yake. Muna cire ta a ƙarshen rani, wajen Maris da Afrilu, lokacin da kasuwa ke cike kuma farashi ke ƙasa, sai mu zuba ta a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, mu jira damina ta wuce, domin daga nan ne take yin daraja, manyan motoci su zo su ɗauka zuwa Gana da Kwaddibuwa. Kuɗin kashin Oktoba da na rajista daga wannan cinikin suke fitowa. To, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka ta CEDEAO ta saka wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakokin Najeriya da Benin, kuma ba a ɗage takunkumin ba sai ranar 24 ga Fabrairun 2024. A wannan tsakanin dillalan da muka saba da su suka daina zuwa, waɗanda suka zo kuma suka yi tayin da ba ya ko mayar da kuɗin taki da man injin ban ruwa. Na je garkar da kaina na tsaya a bakin rudun, warin ruɓa ne ya fara tarbata, ƙanena yana tsame waɗanda suka yi ruwa yana jefarwa gefe, ƙudaje sun rufe tarin. Albashina kuwa tsadar shinkafa da mai ta cinye shi kafin tsakiyar wata. Ɗan'uwanmu da ke cirani a Abijan ya yi niyyar taimakawa, amma aiken kuɗi ma ya yi wuya a waɗannan watanni.

Na lallaɓa na biya kuɗin rajista a kan lokaci, domin kada a hana ta shiga aji. Kashin Oktoba kuwa sai a farkon Disamba ya haɗu, na aika mata ta kamfanin aiken kuɗi na Nita, ta kai wa ma'ajin makarantar, ya ƙirga, ya rubuta mata rasit na jika 75, ya buga hatimi, bai ce mata komai ba. Wannan shirun nasa shi ne abin da na kasa haɗiyewa. A watan Janairu da ta koma da kashi na biyu, sai ya juyo mata fuskar kwamfuta ya nuna mata cewa abin da ake bin ta jika 375 ne, alhali mu a lissafinmu jika 150 ne suka rage. Ta kira ni muryarta na rawa, ta ce: "Yaya, sun ce wai bursuna ta faɗi tun Nuwamba, kuma idan ba a cika ba ba za su bar ni in shiga jarrabawar zango ba."

Ashe a cikin dokokin cikin gida na makarantar, wani kundi da ake miƙa wa ɗalibi bayan ya riga ya yi rajista, akwai sakin layi guda da ya ce duk mai rabin bursu da ya makara da biyan wani kashi fiye da kwana 30 ya rasa ragin na wannan shekara gaba ɗaya, a mayar da shi kan cikakken farashi. Takardar da aka ba mu ranar sakamakon gasa, wadda na karanta gaba da baya kafin in amince, ba ta ɗauke da wannan sharaɗi. Ta ambaci cewa sai ɗalibi ya riƙe maki 12 cikin 20 kafin a sabunta masa ragin, kuma a kan wannan muka zuba ido shekara guda, muna yi wa yarinya nasiha ta dage da karatu, ita kuwa ba ta taɓa sauka ƙasa da 13 ba. Ƙoƙarinta bai hana komai ba, makarar mako kaɗan ta ɗora mana jika 225.

Na hau mota zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 550 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, na nemi ganin shugaban makarantar. Ya karɓe ni da mutunci, ya ce: "Malam, na fahimci halin da ake ciki, amma doka ce, kuma idan na ɗaga wa mutum ɗaya sai na ɗaga wa kowa." Na ce masa ranka ya daɗe, ban zo in musanta dokarku ba, tambayata ita ce me ya sa a Disamba aka karɓi kuɗinmu ba tare da an gaya mana cewa ragin ya riga ya faɗi ba. Da an faɗa mana tun a Oktoba cewa jinkirin wata guda zai jawo mana asarar jika 225, da na ci bashin jika 75 ko daga wurin wane ne, da na sayar da babur ɗina, domin babu mai hankalin da zai bar babba ta tafi saboda ƙarama. Bai ba ni amsa a kan wannan ba. Abin da kawai na samu shi ne ya yarda ta zauna jarrabawar, a kuma raba mana sauran kuɗin zuwa watan Yuni, ya sa aka rubuta haka na riƙe kwafi.

Kuɗin sun fito ne daga wurare uku. Matata ta roƙi ƴan adashensu suka ba ta kwasar da ba tata ba ce tukuna, mahaifiyarmu ta sayar da saniyarta mai ciki a lokacin da dabbobi ba su da kasuwa, ni kuma na karɓi rancen albashi a banki wanda na daɗe ina biya da ruwansa. Idan aka haɗa ruwan bankin da faɗuwar da aka yi a kan saniyar, abin da wannan sakin layi ya ci mana ya haura jika 225 nesa ba kusa ba.

Tun daga lokacin duk wanda ya zo mini da takardar rabin bursu yana fara'a, abin da nake fara tambayarsa shi ne ko ya ga kundin dokokin cikin gida. A nemi wannan kundi kafin a biya ko dala ɗaya, a karanta sashen da ya shafi biyan kuɗi, idan kuma babu mai jin Faransanci sosai a gidan a kai wa wanda zai fassara shi kalma bayan kalma. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: me ke sa ragin ya faɗi? Maki ɗaya ne daga cikin dalilan, kuma shi ne wanda makarantu ke son faɗa, domin yana ɗora nauyin a kan ɗalibi. Sauran dalilan, irin su makara da biya ko yawan fashin aji ko sauya fanni, sai an tono su. Kuma a fahimci cewa irin wannan bursu ba kuɗi ba ne da wani ya ware ya ajiye da sunan yaronka, ragi ne da makaranta ta yi a kan farashin da ita da kanta ta yanka, saboda haka tana iya janye shi ranar da sharaɗinta ya cika ba tare da ta nemi shawarar kowa ba.

Bursun gwamnati daban take. Hukumar ANAB ce ke kula da ita da kuma tallafin da ake ba ɗaliban da ba su samu bursu ba, kuma ina ba kowa shawara ya ajiye takardunsa a can ko da yana ganin makinsa bai kai ba, domin abin da ya samu duk ƙanƙantarsa yana rage kuɗin mota da na kwafar darussa. Amma kada a jingina ranar biyan makaranta da ranar fitowar waɗannan kuɗi. Zango-zango ake biyan su, kuma batun bashin bursu ya daɗe yana cikin manyan koke-koken ƙungiyar ɗalibai ta USN. Ma'ajin makarantar kuɗi ba ruwansa da cewa kana jiran wani ya biya ka, kalandarsa kawai yake dubawa, kamar yadda bai duba cewa iyakokin ƙasa a rufe suke ba.

A shekara ta uku an mayar mata da ragin, tun da makinta ya kai, ni kuma na sauya tsari gaba ɗaya. Ban ƙara jiran albasa ta yi tsada ba. Da muka cire ta a Afrilun 2024 na sayar da kashi mai yawa nan take a farashin kaka, duk da ƙanena yana ganin wauta ce, na ajiye kuɗin a asusun da ba na taɓawa, ranar da aka buɗe rajista kuma na biya kuɗin shekarar duka a zama ɗaya. Na yi asarar ribar da rudu kan kawo, amma na san iyakarta, kuma ba ta kai rabin abin da jinkiri ya ci mana ba. Na sa ma'ajin ya rubuta a jikin rasit cewa babu sauran bashin kuɗin karatu na wannan shekara, ya sa hannu ya buga hatimi, yana kallona kamar na zarge shi da sata. Ban ba shi haƙuri ba.

Ta kare kundin bincikenta a 2025, bayan mun biya kuɗin zaman alƙalan jarrabawa da na buga kundin, waɗanda su ma ragin bai shafe su ba, kuma yanzu tana aikin sa kai a wani asibiti a nan Tawa tana jiran a buɗe gasar ɗaukar ma'aikata. Autanmu zai zauna Bak bana, kuma tuni wani abokinsa ya kawo masa takardar tallan wata makaranta ta Yamai mai alkawarin ragi. Na gaya masa cewa idan fannin tattalin arziki yake so, ga jami'a nan a cikin gari, zai kwana a gida ya ci tuwon gida, idan kuma ya nace sai Yamai, to ya fara kawo mini kundin dokokinsu in karanta tukuna.