Ragon yumɓu a katin barka da Salla

Katin barka da Salla nake yi a nan Maradi, amma ba da zane ba. Da yumɓu muke gina abin da za a gani, mu ɗauke shi hoto, sannan ƙanena ya ɗora gaisuwa da sunan mai kati a kwamfuta.

Daga fadamar Gulbi ake kawo mana yumɓun a amalanke. Sai ya kwana a ruwa, a tace tsakuwa, a kwaɓa shi da garin tsingaro yadda mata magina tukwane ke yi, don kada ya tsage. Ragon Layya bai wuce tafin hannu ba. Waya nake sa masa a ƙafafu, gashin kuma da tsinken tsintsiya nake fitar da shi, layi bayan layi. Ƙaho ne mai wuya, in ka murɗa shi da gaggawa sai ya karye a gindi.

Salla kan matso da kamar kwana 11 kowace shekara, shi ya sa aikin ba ya zama iri ɗaya. In ta faɗo cikin zafi ko hunturu, waje ya bushe ciki na ɗanye, dole a lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa. Da damina kuwa sai haƙuri.

Hoton da hantsi nake ɗauka. Farin ƙyalle a taga, haske ya shigo ta gefe guda, kyamara a ƙasa daidai idon ragon. Nan take zai cika ido kamar wanda aka yi wata shida ana turka. Shatin yatsana da ke jikin yumɓun ba na yarda a goge shi. Katunan da ke yawo a WhatsApp duk fitilu ne da gine-ginen wasu ƙasashe. Ni namu nake so a gani, dokin hawan Salla da lifidinsa, kakaki, jar akuyar Maradi.

Maganar siffar mai rai ba wasa ba ce a garin nan, kuma ina girmama ta. Mutum ba na yi masa fuska. Alhajin da ya ce ko dabba ba ya so, sai in gina masa zaure, tulu da jinjirin wata. Ba ma gasa komai, da an gama hoto yumɓun ruwa yake komawa.

’Yan kasuwa ne yawancin masu sayenmu, kaɗan ke son a buga a takarda. Mai son na Ƙaramar Salla ya zo tun Sha’aban, don aikin da aka fara a goman ƙarshe na azumi ba ya bushewa kafin a ga wata.