Yadda na kama hanyar Tahiti da gorar ruwa biyu

Ranar Asabar ɗan yayata ya turo min hoto a WhatsApp, yana tsaye kan allon nan da ake tuƙawa a tsaye kamar mai sharar ruwa, filafili a hannu, baƙin gilashi a ido, a ƙasa ya rubuta "Kawu saura wata biyu in tsallaka daga Molokai zuwa Oahu in sha Allah". Yaron da wata huɗu kenan da fara hawa allon. Na kira shi nace wa zai bi ka da jirgi? Yace ai Kawu jirgin rakiya tsada gare shi, kuma ba gasa zai shiga ba shi kaɗai zai yi abinsa, wayarsa na da GPS, ya sayi jakar da ruwa baya shiga, sannan zai ɗora kai tsaye a TikTok, in wani abu ya faru ai mutane za su gani. Za su gani! Su gani su yi maka me, su danna zuciya?

Mashigin da yake magana a kai sunansa Kaiwi, tekun da ke tsakanin tsibiran Molokai da Oahu a Hawai. Gasar da ake yi a cikinsa tun 1997 mil 32 ce, kusan kilomita 52, kuma ko zakarun da suka ci ta sau da yawa ba a barin su sa allo a ruwa sai da jirgi mai inji yana biye da su. Na buɗe baki zan wanke shi tas sai maganar ta maƙale min, don muryar da nake ji a wayar nan tawa ce, ta shekara goma sha wani abu da suka wuce.

Ni ɗan Yawuri ne. Ba Basarke ba ne ni amma da 'ya'yan Sarkawa na tashi, na iya tuƙa kwale-kwale kafin in iya keke, kuma wannan shine asalin ciwon, da ban iya komai ba da tsoro ya tsare ni. Da rabo ya kawo ni Hawai nake aiki a wani otal a tsibirin Maui, kuɗin farko da suka taru min na sayi tsohon kayak na roba, irin wanda ake zama a samansa, ina zagaya bakin Lahaina da shi bayan aiki, garin nan da wuta ta cinye a 2023. Ina ganin turawa 'yan yawon buɗe ido suna kifewa a ruwan da bai kai ƙirji ba ina musu dariya a raina.

Sai na ci karo da labarin Hokule'a. Ga wanda bai sani ba, kwale-kwale ne mai jiki biyu, tsawonsa ƙafa 62, ba inji sai iska, aka sa shi a ruwa a 1975. Dalilin gina shi kuwa gardama ce, wasu masana na cewa kakannin mutanen Polinesiya, wato tsibiran tekun Pasifik irin su Hawai da Tahiti, ba su iya nufar tsibiri da gangan ba, iska ce kawai ta riƙa watsa su har suka dace. Lokacin ilimin tuƙi da taurari ya riga ya mutu a Hawai ba ko mutum ɗaya da ya rage da shi, sai da aka je har Satawal, wani ɗan mitsitsin tsibiri a Maikronesiya, aka ɗauko Mau Piailug. A 1976 mutumin nan ya ɗauki jirgin daga nan Maui ya kai shi Tahiti, mil kusan 2,500, wata ɗaya da 'yan kwanaki, ba kamfas ba taswira ba agogo, taurari ne da rana da igiyar ruwa da tsuntsaye. A 1980 Nainoa Thompson, ɗan Hawai da Mau ya koyar, ya kai jirgin ya dawo da shi.

Wallahi abin ya shiga raina har barci ya gagara. Na tuna yadda kakata ke nuna mana Kaza da 'ya'yanta a sama, sai ga shi nan ma suna da ita suna kiranta Makali'i, fitowarta ce ke buɗe musu sabuwar shekara. Na haddace cewa sun raba gefen sama gida 32, kowane tauraro na da gidan da yake fitowa da gidan da yake faɗuwa kuma baya canzawa. Na san farin tsuntsun nan manu-o-Ku yana fita kamun kifi da safe har mil 120 ya komo tudu da yamma, in ka gan shi da la'asar ka bi shi. Na san sunan jirgin ma sunan tauraron da ke ratsawa daidai tsakiyar kan Hawai ne. Na zama malami, duk wanda ya zauna kusa da ni a wurin cin abinci sai ya sha karatu.

Kuma kar a ce duk hauka ne. Nainoa ɗin ma ai a ɗakin nuna taurari na gidan tarihin Bishop da ke Honolulu ya kwashe dare da yawa yana koyo, ba a teku ya fara komai ba. Ni ma abin da na yi kenan da littattafan laburare da bidiyo. Bambancin shine shi ya je ya durƙusa gaban Mau, ni kuwa ban tambayi kowa ba, akwai ƙungiyoyin 'yan kwale-kwale a kowane lungun tsibirin amma ina jin nauyin in je a matsayin ɗan koyo, ni da na tashi a bakin Neja.

To a wani watan Janairu na yanke zan tsallaka daga Lahaina zuwa Lanai, mil tara ne kacal, da rana kana ganin tsibirin ƙuru-ƙuru kamar ka miƙa hannu. Shi ya sa nace da dare zan yi, in ba haka ba ina gwanintar. Na bar waya a ɗaki da gangan. Ban faɗa wa kowa ba don kar a hana ni, har matata ce mata na yi aikin dare ya kama ni, kuma wannan ƙaryar ta fi komai ci min rai har yau. Gorar ruwa biyu, dabino, tocila, rigar ceto da na ɗaure a bayan kayak maimakon in sa saboda tana goge min hammata. Lissafina taurari ukun nan da ke jere a layi suna faɗuwa daidai yamma, in na ajiye su kaɗan ta hannun dama hancin kayak zai kai ni. Awa huɗu, in yi asuba a Lanai.

Awar farko ban taɓa jin daɗi irinta ba, gara in faɗi gaskiya. Ruwa lumui, lokacin zuwan manyan kifayen nan ne da ake kira wel, ina jin numfashinsu cikin duhu, fuuu, kamar an sassauta tayar tirela, wani har warinsa sai da na ji. Na yi ta hailala ina jin kaina wani Mau.

Wajen ƙarfe huɗu taurarina suka faɗi. Ni ban taɓa tsayawa na yi tunanin haka ba sosai, tauraro ai tafiya yake, mai ilimin yana riƙe da jerin taurari da ke faɗuwa a gida ɗaya, wannan na nutsewa ya kama na bayansa har gari ya waye, ni guda na haddace da rabin na biyu. Ina cikin laluben na biyun girgije ya rufe yamma. Sai iska ta taso ta dama, wadda ke matsowa ta tsakanin Maui da Molokai ta karyo kudu, kuma ashe tun ina murna ruwan ke ja na gefe, hancina na kallon inda ya kamata amma duk kayak ɗin zamewa yake kamar kaguwa. Tauraro zai faɗa maka inda ka fuskanta, ba zai faɗa maka inda ruwa ke kai ka ba. Neja in ta ja ka ka san inda za ta kai ka, gaɓa na dama gaɓa na hagu, a ƙarshe ka kama ciyawa. Nan ba ciyawa.

Da gari ya waye Lanai na can ta bayan kafaɗata ta dama, tana ƙanƙancewa. Na juya na fuskanci iska na yi tuƙi iya ƙarfina, duwatsun Maui ba su matso ko taku ɗaya ba. Igiya ta kifar da ni sau biyu, a na biyun gora ɗaya ta tafi da tocila, a nan ne na sa rigar ceto ina rawar ɗari. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe gishiri na shiga, leɓe ya tsage, kuma duk wanda ya ce maka baƙar fata rana ba ta ƙona ta ka turo min shi, sati biyu wuyana na saɓa. Sallar asuba da ido na yi ta. Ban yi kuka ba sai da na tuna matata na can tana dafa shayi tana jiran wanda ya tafi aikin dare.

Bayan azahar wasu masunta biyu da ke komowa gida suka hango ruwan lemon kayak ɗin. Da suka ja ni ciki babban ya ba ni ruwa yace in sha kaɗan-kaɗan, sannan ya tambaye ni ko na san sunan inda nake. Nace a'a. Yace Kealaikahiki, tsakanin Lanai da tsibirin Kahoolawe, ma'anarsa hanyar zuwa Tahiti. Ƙaramin ya yi dariya har da riƙe ciki, yace saura maka mil dubu biyu da ɗoriya ɗan'uwa. Babban bai yi dariya ba. Tambaya ɗaya ya ƙara, da ka baro Lahaina sau nawa ka waiwaya? Ko sau ɗaya. Ashe abu na farko da ake koya wa yaro kenan, kana barin tudu ka riƙa duban baya ka ga yadda alamomin gaɓa ke gocewa, shine zai nuna maka ƙarfin jan ruwa tun da sauran damar komawa. Yana cikin littattafan da na karanta fa, na tsallake shi ne don ba shi da daɗin labari kamar taurari.

Wani lokacin nakan ce da girgijen nan bai zo ba da na isa, kuma ƙila da na isa ɗin. To da na isa da Molokai zan nufa a wata na gaba, daga nan Kaiwi, da yanzu ba ni ke rubutun nan ba.

Na zauna da niyyar rubuta wa yaron nan shawara goma, na duba na ga ba su kai ba. Ka faɗa wa wani inda za ka da lokacin da in bai ji ka ba zai kira masu ceto. Ka sa rigar a jikinka, ka ɗaure allon a ƙafarka. Kar ka tsallaka mashigi ba jirgin rakiya, in ba ka da kuɗinsa to ba ka da kuɗin tafiyar, shikenan. Hokule'a da kanta a Maris 1978 ta kife a kudu da Molokai 'yan awoyi da tashi, Eddie Aikau, mai ceton da ya fitar da ɗaruruwan mutane daga igiyar bakin tekun Waimea, ya hau allonsa ya nufi Lanai neman taimako, sauran da suka manne da jirgin aka cece su, shi har yau ba a ga ko allonsa ba. Tun daga nan ba ta ƙara doguwar tafiya ba jirgin rakiya ba. Ku kuma kuna manna "Eddie zai je" a bayan mota kuna jin ku ne shi. Eddie mutane ya je ceto, kai mabiya za ka je nema.

Waya kuma, ka tafi da ita, da na tafi da tawa da tun ƙarfe biyar an ɗauko ni. Amma kar ka yarda da ita, a tsakiyar Kaiwi sabis na iya ɗaukewa, gilashinta baya jin jiƙaƙƙen yatsa, rana na cinye batir, kuma ɗigon nan mai shuɗi na taswirar waya zai nuna maka daidai inda kake nutsewa ne kawai. Ka sayi rediyon ruwa. Ka koyi taurari, a'a bar taurarin ma tukuna, su suka kai ni, je ka shiga ƙungiyar 'yan kwale-kwale ka yi shekara biyu kana ɗaukar jirgi a kafaɗa ana yi maka tsawa. Mau tun yana jariri kakansa ke ajiye shi a kududdufin bakin teku don jikinsa ya san motsin ruwa, ku bidiyon minti uku ma sai kun sa shi gudu biyu.

Na san zai kawo min Ed Gillet, wanda ya taso shi kaɗai a kayak daga Kalifoniya a 1987 ya sauka nan Maui bayan fiye da wata biyu, ko Chris Bertish da ya ratsa Atlantika a kan allo daga Maroko cikin kwana 93 a 2017. Gillet abincinsa ƙarewa ya yi har man goge baki ya ci, kuma kafin nan ya yi dubban mil a gaɓar Kudancin Amurka. Amma ba zan ɓoye ba, ranar da na fara karanta labarinsa ni ma ba yunwar na gani ba, saukar na gani. Ba zan ce kar ya je ba gaba ɗaya, numfashin kifayen nan cikin duhu har yanzu ina jin sa, kuma ban sayar da kayak ɗin ba yana nan ƙarƙashin bene matata na shanya tabarma a kai.

Jiya na sake kiransa na karanta masa duk wannan, ya yi shiru har na zaci layi ya yanke. Can yace Kawu to nawa ne kuɗin jirgin rakiyar, za ka cika min rabi? Nace sai baɗi, kuma ni zan zauna a cikin jirgin. Yace baɗi ya yi nisa. Uwarsa dai na riga na kira ta.