Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Gajiyar da Barci Bai Kore Ta Ba

A makon jiya na tsaya ne a kan rasuwar mahaifina a Tawa, Allah ya jiƙansa da rahama, bayan doguwar jinyar shanyewar ɓarin jiki da hawan jini ya jawo masa, da kuma yadda takardar aikina ta koyarwa ta fito aka tura ni Yamai tun hawayenmu bai bushe ba. Na sauka a gidan Gwaggo, ƙanwar mahaifina, a unguwar Bukoki, ina ɗauke da wani tsoro da ban faɗa wa kowa ba, wato tsoron ciwon da ya kwantar da Baba. Likitan da ya duba shi a kwanakinsa na ƙarshe ya tara mu, mu ƴaƴansa, ya ce hawan jini yana bin dangi, don haka mu rage gishiri, mu kiyayi ƙiba, mu riƙa motsa jiki. A cikinmu duka ni ce na karɓi maganar nan hannu bibbiyu.

Duk wanda ya san Yamai ya san yadda harabar filin wasa na Janar Seyni Kountché take cika bayan sallar asuba: samari masu shirin neman aikin soja, dattawan da ciwon suga ya sa likita ya umarce su da tafiya, da mata sanye da hijabi da takalmin gudu. Wata maƙwabciyarmu mai babur ce ta fara kai ni. Na soma da tafiya, daga baya na koma sassarfa, har na kai ina gudu sosai kusan kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ni kuwa na zarce haka nesa ba kusa ba. A watannin farko jikina ya yi sakayau, har ɗalibaina suna mamakin yadda nake hawa benen makaranta ban tsaya ba.

Daga baya wata irin gajiya ta fara shigo mini a hankali. Wanda ya yi aiki ya gaji yakan kwanta ya tashi garau, amma ni sai in kwanta da wuri in wayi gari kamar ban runtsa ba. Benen nan da nake hawa da sauri ya koma sai na dafa bango a tsakiya, zuciyata tana bugawa har ina jin ta a kunnuwana. Idan na ɗaga hannu ina rubutu a allo, kafin in cika layi uku kafaɗata ta yi nauyi, in na ɗago daga sujada kuma sai jiri ya ɗebe ni, in zauna in jira idona ya washe. Wani abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kwaɗayin ƙanƙara: sai in sayi ƙullin ruwan da ya daskare, in fasa shi, in zauna ina tauna kamar mai cin gyaɗa, ko da kuwa ana hunturu.

Kowa ya kawo tasa fassarar. Wasu suka ce zafin Yamai ne, alhali wadda ta tashi a Adar, yankinmu na Tawa, ba za a koya mata rana ba, don mu ma a watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40. Gwaggo ta ce ciwon shawara ne, ta haɗa mini jiƙe-jiƙe. Abokan aikina suka ce zafin rashin mahaifi ne bai sake ni ba, kuma a maganarsu akwai ƙamshin gaskiya. Abokan gudu kuwa cewa suka yi jiki ne bai gama sabawa ba, in ƙara zagaye zai ware. A ganina wannan shawarar ta ƙarshe ta fi sauran haɗari, domin masu ba da ita da kyakkyawar niyya suke yi, kuma tana sa mai rashin lafiya ya ɗauka kasala ce ke damunsa, ya ci gaba da matsa wa jikin da yake neman agaji.

Ga yadda cimata take a wancan lokaci. Nakan fita gudu ban sa komai a ciki ba, in dawo in yi wanka a gurguje in nufi makaranta. Sai an fita hutun ƙarfe goma nake sayen rabin burodi da shayi mai sukari da yawa. Da rana shinkafa ce da jar miya, kuma a gida mai yawan jama'a irin na Gwaggo nama ƙidayarsa ake yi, kwanon maza ake fara zuba wa, abin da ya rage shi ke isowa wajen mata. Ana sauke kwano ƴaƴan Gwaggo za su hura gawayi su ɗora butar shayi, a yi na farko mai ɗaci, a yi na biyu, a yi na uku, kuma ba a taɓa tsallake ni ba. Da dare nakan ɗan taɓa tuwo kaɗan saboda gudun ƙiba. Furar gero da nono da na tashi da ita a Tawa, da cuku, da dambun zogale, da waken da Inna ba ta rabuwa da dafawa, duk sun fita daga kwanona ba tare da na lura ba. Ban taɓa kwana da yunwa ba, shi ya sa abinci bai zo mini a rai ba ko sau ɗaya.

Matar babban ɗan Gwaggo ungozoma ce. Wata Juma'a da ta zo gaisuwa ta tarar da ni a tsakar gida ina tauna ƙanƙara. Ta tsaya ta dube ni, sannan ta ce, "Ƙanwata, matso nan in ga idonki." Ta sa babban yatsa ta ja fatar ƙasan idona, ta juya tafin hannuna, ta duba farcena. Ta kira Gwaggo ta ce, "Inna, zo ki gani, wurin nan ja ya kamata ya kasance, dubi yadda ya yi fari fat." Bayan haka ta ja ni ɗaki ta tambaye ni game da al'adata, kwana nawa take yi kuma yaya yawanta. Tambaya ce da ba wanda ya taɓa yi mini, kuma da na ba ta amsa sai ta ce kada in sha wani maganin ƙarin jini na ƴan talla, in bari ranar Litinin ta raka ni a auna jinina tukuna.

An duba zazzaɓin cizon sauro, an duba suga, an duba fitsari da bayan gida saboda tsargiya da tsutsar ciki, domin duk waɗannan suna iya kawo gajiya ko su rage jini. Ba a samu ko ɗaya ba. Abin da ya fito shi ne himogulobin ɗina, wato sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini mai ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki, ya ɗan haura giram 10 ne kawai a kowace desilita. Likita ta nuna mini ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya: macen da ba ta da ciki, in ta gaza 12 tana da ƙarancin jini, namiji 13, mai juna biyu 11. Gwajin feritin da aka yi daga baya, wanda yake nuna yawan sinadarin ƙarfen da jiki ya ajiye, ya tabbatar da cewa ajiyar ta kusa ƙarewa.

Allah ya haɗa ni da likita mai haƙurin bayani. Ta ce jiki ba ya iya ƙera himogulobin sai da sinadarin ƙarfe, kuma tsokar mai gudu tana neman oksijin fiye da ta mai zama, saboda haka mai ƙarancin jini idan ya yi gudu zuciyarsa ce ke biyan bashin, tana bugawa da sauri don ta kai ɗan abin da ke akwai. Macen da ke al'ada tana buƙatar sinadarin nan kusan ninki biyu na abin da namiji ke buƙata, saboda jinin da take zubarwa kowane wata. Ta ce matsalar ba tawa ce ni kaɗai ba: ƙiyasin hukumar na shekarar 2019 ya nuna kimanin kashi 30 cikin 100 na matan duniya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, a Nijar kuwa adadin ya kusa rabi. Na daɗe ina juya wannan adadi a raina, ina tuna matan gidanmu da suke cewa jiri da kasala halin mace ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne batun shayi. Sinadarin ƙarfe iri biyu ne. Na cikin nama da hanta da kifi hanji yana tsotsar kashi 15 zuwa 35 cikin 100 nasa, na cikin wake da gero da ganye kuwa abin da ake samu ba ya wuce kashi 2 zuwa 20, kuma abin da aka haɗa shi da shi ne ke sa ya ƙaru ko ya ragu. Ɗacin nan na shayi yana da sinadarin tanin, wanda yake kama ƙarfen tun yana cikin hanji ya hana shi shiga jini, har kofin da aka sha a kan abinci yana iya rage fiye da rabin abin da jiki zai samu. Bitamin C kuma akasin haka yake yi, ga shi a lemun tsami da tumatir da gwaba da garin ƴaƴan kuka, abubuwan da ba su fi ƙarfin talaka ba. Shi kansa gero yana da wani sinadari mai suna fitat da ke riƙe ƙarfe, amma jiƙa shi ya kwana da barin gasara ta yi tsami, yadda kakanninmu suke yi in za su dama koko, yana rage shi. Malta da madarar gwangwani da ake dura wa mai jego da sunan ƙarin jini, likita ta ce yawancinsa sukari ne, kuma madara ma ba a so a haɗa ta da ƙwayar maganin sinadarin ƙarfe a lokaci guda.

Sai batun fita gudu da ciki wayam. Jiki yana ajiye sukari a hanta kimanin giram 100, a tsoka kuma kimanin giram 400, kuma na hanta yana raguwa sosai cikin dare. Wanda ya ci kaɗan da dare, ya yi gudu da asuba, ya tsaya gaban ɗalibai har ƙarfe goma bai karya ba, ya kwashe ajiyar bai mayar ba. Ga gumi, wanda a irin zafinmu mai gudu yana iya zubar da fiye da lita guda cikin awa ɗaya. Daga baya na karanta cewa a 2014 Kwamitin Wasannin Olamfik na Duniya ya fitar da matsaya a kan wannan matsala ta ƴan wasan da cinsu bai kai aikin da suke sa jikinsu ba, inda ya nuna tana taɓa ƙashi da al'ada da garkuwar jiki. Da na mayar wa Gwaggo wannan bayani, sai ta ce, "To ɗiyata, mi ne ne sabo a nan? Da ruwan ciki ake jan na rijiya."

Likita ta rubuta mini ƙwayar sinadarin ƙarfe, ta gargaɗe ni cewa bayan gida zai yi baƙi kuma ciki yana iya ɗaurewa, kada in tsorata in daina. Ta ja kunnena da in ɓoye maganin nesa da yara domin yawansa guba ne, kuma kada in raba wa kowa ba tare da an auna shi ba, musamman masu sikila da ake yi wa ƙarin jini. Ta dakatar da ni daga gudu, ta bar mini tafiya, da ranakun hutu a tsakani.

Gwaggo ce ta ɗauki ragowar aikin, Allah ya saka mata da alheri. Kafin in fita da asuba sai in tarar ta ajiye mini koko da dabino, in na dawo kuma ga ƙosai. Fura da nono ta dawo da hantsi. Ta riƙa aiken yara kasuwar Katako su sayo zogale, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da tumatir a matse lemun tsami, wake ya shiga cikin shinkafa, ran da albashi ya fito a sayo hanta, lokacin fara kuma a soya fara. Shayi ne ya so ya zama rigima, domin a wajen samarin gidan mayar da kofi kamar raini ne. Gwaggo ta yanke hukunci cewa nawa a ajiye sai bayan la'asar, awa biyu da cin abinci, kuma ban da na dare, tunda rabin sinadarin da ke hana barci yana nan a jini bayan kimanin awa biyar.

Sauƙin bai zo da gaggawa ba. Kwaɗayin ƙanƙara ne ya fara tafiya, sannan jirin sujada, sai can daga baya benen makaranta ya daina tsayar da ni. Ko da gwaji ya nuna jinina ya haura 12, likita ta sa na ci gaba da shan maganin har wata uku, domin a cika ajiyar da ta ƙare. Na koma gudu a hankali, kuma har yau ina yi. Abin da har yanzu yake damuna shi ne yadda ake ba mutane rabin shawara: ana ta cewa a motsa jiki, a rediyo da asibiti, kuma gaskiya ne, amma da wuya ka ji an tambayi mai motsa jikin me ya ci jiya da dare, balle a tambayi mace game da al'adarta.

Bayan na samu kaina ne idona ya buɗe a kan ƴan matan ajina. Akwai wata da ke zaune a layin baya, mai ƙoƙari ce a da, amma ta koma kifa kai a tebur tun kafin ƙarfe tara, kuma malamai sun riga sun sa mata suna malalaciya. Wata rana da aka tashi na tsayar da ita, na tambaye ta me ta ci kafin ta fito, ta sunkuyar da kai ta ce ruwa ta sha. Na ce ta matso in ga idonta, na ja fatar kamar yadda aka yi mini, na tarar da abin da na zata. Washegari na nemi ganin shugaban makaranta, na kuma aika a kira mini mahaifiyarta. Yadda muka yi da su, da abin da ya biyo baya a unguwar, shi zan kawo muku a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.