Talata: Ni da 4,294,967,297

Ana saukowa daga sallar la'asar na koma aji wurin ɗalibaina da ke shirin gasar lissafi, na rubuta musu 4,294,967,297 a allo, na ce su gaya mini wace irin lamba ce. Da an ganta an san ba ta rabuwa gida biyu. Suka tara lambobinta suka samu 59, wato uku ma ba ta shiga cikinta. Bakwai ta ƙi, sha ɗaya ta ƙi. Nan take ajin ya yanke hukunci cewa lamba ce mara rabuwa, wadda ba a raba ta sai da ɗaya ko da kanta.

Ban ga laifinsu ba, don Fermat, masanin lissafi na Faransa, ma haka ya ɗauka tun wajen 1640. Ya duba jerin 3, 5, 17, 257, 65,537: ka cire ɗaya, ka ninka abin da ya rage da kansa, ka mayar da ɗayan, sai ta gaba ta fito. Biyar ɗin farko duk marasa rabuwa ne, sai ya sakankance ta shida ma haka take. Ta shidan ita ce wannan tamu, biyu a ninka sau 32 a ƙara ɗaya. Sai a 1732 wani masanin lissafi, Euler, ya fasa ta, ya nuna tana rabuwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne hanyar da ya bar mana. Ya nuna duk lambar da za ta raba ta dole ta zama ninkin 64 da ƙarin ɗaya. Da na faɗi haka sai aikin da ya yi kama da kwashe rairayin Sahara ya dawo gwajin marasa rabuwa masu wannan siffa kacal: 193, 257, 449, 577, 641 da sauransu. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗauki 641, ta duƙufa da biro har aka kusa kiran magariba. Ta ɗago ta ce, “Malam, babu saura!” Ta samu 6,700,417. Wallahi tsikar jikina sai da ta tashi.

Ita ma 6,700,417 ba ta rabuwa, don haka lambar tamu 'yar iyaye biyu ce rak. Tana da yaudara kuma: gwajin gano lamba mara rabuwa da ake yi da ƙa'idar Fermat ɗin kansa, idan aka yi shi da biyu, wucewa take yi kamar mara rabuwa ta gaske. Har yau ba a sake samun mara rabuwa ko ɗaya a jerin ba bayan 65,537.

Gobe in Allah ya kai mu za mu taɓa ta bakwai, mai lambobi 20, wadda wani masanin lissafi, Landry, ya raba da 274,177 a 1880. Na ce kowa ya zo da takarda mai faɗi.